Baba ya ce kyau ba abin karantawa ba ne

Anti, barka da aiki. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a jami'a, sashen falsafa. Bara na ɗauki darasin falsafar kyau da fasaha, tun daga lokacin ya shiga raina, har na ƙudura in yi binciken kammalawa a kansa, in Allah ya yarda kuma in wuce digiri na biyu. Da na faɗa wa Baba sai ya ce, "Kowa da abin da ke masa kyau. Me za a koya miki a kan abin da kowa ke gani da idonsa? Kuma wa zai ɗauke ki aiki da shi?" Na buɗe baki na rasa ta cewa. Tun ranar nake jin kamar gaskiyarsa ne. Ga littafin Kant, masanin falsafa ɗan Jamus, da aka ba mu, mako uku ina kan shafi goma na farko, ban kama komai ba. Abin da ya fi damuna, yanzu in na ji waƙa ko na ga zane ba na jin daɗin da nake ji a da, sai kaina ya kama lissafin wannan ra'ayin wane ne, wancan na wane ne. Anti, in canza fanni tun da sauran lokaci, ko in daure?

Ƙanwata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda kika ce kin buɗe baki kin rasa ta cewa. Na san irin wannan shirun. Shi ne wanda mutum zai kwana yana juyi, yana harhaɗa amsar da ya kamata ya bayar tun da rana. Amma ina roƙonki kada ki yanke wa karatunki hukunci saboda kunyar minti ɗaya. Baba bai raina ki ba, kuma bai bar jaki ya bugi taiki ba. Tambayar da ya yi miki ita ce wadda fanninki gaba ɗaya ya ginu a kanta, kuma manyan masana sun yi shekaru suna juya ta kafin su ce uffan.

A shekarar 1757 David Hume, masanin falsafa ɗan ƙasar Sikotland, ya fitar da wata gajeriyar maƙala a kan mizanin da ake auna kyau da shi. Da irin maganar Baba ya fara: akwai masu ganin kyau ba ya cikin abin da ake kallo, yana cikin zuciyar mai kallo, kowace zuciya da nata, saboda haka musu a kansa ɓata baki ne. Ya ba wannan ra'ayi haƙƙinsa sosai. Sannan ya ce, to amma akwai wani abu da kowa ya sani, wanda ke karo da wancan. Duk wanda ya tashi ya ce wani marubucin waƙa mai rauni daidai yake da Milton, babban marubucin waƙa na Ingila, za a dube shi kamar wanda ya ce tsibin ƙasa ya kai dutse tsawo, ko kududdufi ya kai teku faɗi. Babu ma mai tsayawa jayayya da shi. Wato da baki muna cewa kowa da nasa, amma a aikace ba wanda ke zaune a kan haka. Ki lura da Baba kansa. Ranar da zai ga gida biyu a jere ya ce wannan maginin ya fi wancan hannu, ko ya ji murya biyu ya ce wannan ta fi tsari, za ki ji ba ya ƙarawa da cewa "a wurina kawai". Yana faɗa ne yana jiran wanda ke kusa da shi ya gyaɗa kai, in kuma bai gyaɗa ba sai ya ce masa, "Duba da kyau."

Kant ɗin da ya hana ki barci, a daidai nan ya kafa ƙafa. A littafin nasa na 1790 ya raba abu mai daɗi da abu mai kyau. Wani yana son launin shunayya, wani yana ganinsa a mace. Wani kayan busa ke motsa shi, wani sai masu tsirkiya. A irin wannan, in ji shi, kowa da nasa, kuma wauta ce a yi musu. Harshenmu ma ya san haka, shi ya sa muke cewa abu ya yi mini daɗi, mu jingina shi ga kanmu, a wuce wurin. Amma in mutum ya tsaya gaban gini, ko ya saurari waƙa, ya ce "wannan yana da kyau", sai ya yi magana kamar kyan na jikin abin, kamar kowa ya kamata ya gani. In wani ya ce bai gani ba, ran mai magana ba ya kwanciya. Yana ganin wancan ya rasa wani abu da ke gabansa.

Kant ya ƙara da cewa wannan kallon ba ruwansa da son mallaka ko amfani. Ya kawo misalin fada. In aka tambaye ka ko wannan fadar tana da kyau, kana iya cewa kai ba ka son abin da aka gina don a tsaya ana ƙauyanci a gabansa, ko ka yi tir da manyan da suka ɓarnatar da gumin talakawa a kanta. Mai yiwuwa ka yi gaskiya, amma ba abin da aka tambaye ka ke nan ba. An tambaye ka ne, da ka dube ta, ganin nata kaɗai ya faranta maka ko a'a.

Ga inda gizo ke saƙar. Wannan hukuncin da muke neman kowa ya yarda da shi, ba mu da hujjar da za ta tilasta wa kowa. Kant da kansa ya ce in wani ya karanta masa waƙar da ba ta yi masa ba, ko da ya jero masa sunayen manyan masu sharhi da duk ƙa'idojin da suka shimfiɗa, zai toshe kunnensa. Lissafi ana nuna wa mutum a allo ya sallama ko yana so ko ba ya so. Kyau ba haka yake ba. Ba ya karɓar hujja irin ta lissafi, amma kuma ya ƙi zama son rai zalla. Tsakanin waɗannan biyun fanninki yake zaune. Rabin maganar Baba gaskiya ce, kuma ki ba shi ita ba tare da ja ba. Ɗaya rabin shi kike karantawa.

To in babu hujja, da me ake jawo mutum ya ga abin da kika gani? Hume ya aro wani labari daga tsohon littafin ƙagaggen labari na ƙasar Sifen. An kira mutum biyu da suka shahara da kaifin harshe su ɗanɗana abin sha daga wata ganga da kowa ke yabo. Na farko ya kurɓa ya ce yana da kyau, sai dai akwai ɗan ɗanɗanon fata. Na biyu ya ce yana da kyau, sai dai akwai ɗan ɗanɗanon ƙarfe. Aka yi musu dariya. Da aka juye gangar sai ga tsohon makulli a ƙasa, ɗaure da igiyar fata. Abin da Hume ke nufi shi ne, akwai abin da ke cikin gangar da gaske, wani harshen na kama shi, wani ba ya kamawa, kuma ana iya horar da harshen. Ya ce mai hukunci nagari shi ne mai lafiyayyen hankali da saurin ji, wanda ya daɗe yana yi, ya gwada abubuwa da yawa da juna, ya kuma wanke zuciyarsa daga son kai da ƙiyayya. Ya yarda irin waɗannan mutane ba su da yawa. Ya kuma yarda akwai bambancin da ba laifin kowa ba ne, domin marubucin da saurayi ɗan shekara 20 ke so ba lallai ya zama wanda ɗan 50 ke so ba.

Ni ban fahimci wannan ba sai ranar da wani malaminmu ya shigo aji da kofunan tangaran guda biyu, ya ajiye a kan tebur, ya ce mu rufe littattafai mu kalle su na minti goma sha biyar, ba magana ba rubutu. Minti biyar na farko ban ga komai ba sai kofi biyu, ɗaya fari sol mai zanen furanni, ɗaya mai launin toka ba ado. Raina na kan mai furanni. Can sai idona ya sauka a kan mariƙinsa, na ga an manna shi ne a gefe kamar an tuna da shi bayan an gama, har akwai ɗan tudu a inda aka liƙa. Na koma kan mai launin toka, sai na ga mariƙin ya taso daga jikin kofin yana bin lanƙwasar cikinsa, ya zagayo ya koma ya shige ba tare da alamar haɗi ba. Bakinsa ya yi siriri ya ɗan buɗe waje daidai inda leɓe zai sauka. Haske da ya shigo ta taga ya kwanta a cikinsa, gefe ɗaya fari gefe ɗaya duhu, ba layi a tsakani. Da lokaci ya cika malam ya tambayi kowa wanne ya fi. Duk wanda ya ba da amsa, kalma biyu kawai yake ce masa: "Nuna mini." Wata ta tsaya a kan mai furanni, ta taso ta nuna yadda ganyen zanen ke bin juna a zagaye, babu biyu masu kama ɗaya, alamar hannu ne ya zana. Ni ban ga wannan ba sai da ta nuna. Ban canza ra'ayi ba, ita ma ba ta canza ba, amma duk mun fita da idon da ya fi wanda muka shigo da shi. Shekaru sun ja, har yau in zan yi sharhi a kan wani aiki sai na ji muryar malamin nan. Abin da ake koya miki ke nan, ƙanwata: ki ga abin da ke gabanki, sannan ki iya nuna shi har wani ya gani.

Ba zan ɓoye miki ba, masu ido ma suna faɗawa rami, kuma labarin da ya fi nuna haka ya kamata ki san shi ciki da bai, domin in Baba ya ji shi zai ce kin gani ko. A 1937 aka fito da wani zane a Holan, aka ce na Vermeer ne, gwanin zanen da ya rasu tun 1675. Abraham Bredius, dattijon da duniya ta sallama wa a sanin zanen Holan, ya duba ya ce na gaske ne, har ya sa shi a sahun gaba cikin duk ayyukan Vermeer. Aka saye shi sama da gilda 500,000, kuɗin Holan na lokacin, aka rataye a gidan adana zane na birnin Rotadam, jama'a suka yi ta tururuwa. Ashe wani mai zane ne mai suna Han van Meegeren ya yi shi. Ya samo tsohon ƙyallen zane na ƙarni na 17, ya gauraya fenti da wani sinadarin roba mai daskarewa, ya gasa zanen a tanda har ya yi tauri kamar ya shekara ɗari biyu, ya nannaɗe shi ya tsattsage, ya cika tsagar da tawada ta zama kamar dauɗar zamani. Asirinsa bai tonu ba sai a 1945, da aka kama shi bisa zargin sayar wa Hermann Göring, ɗaya daga cikin manyan 'yan Nazi na Jamus da suka mamaye Holan, dukiyar tarihin ƙasa, wato wani zanen da shi ma aka ɗauka na Vermeer ne. Laifin haɗa kai da abokan gaba ya fi na jabu nauyi nesa ba kusa ba, sai ya ce ai shi ya zana shi, har da na Rotadam ɗin. Ba a yarda ba, har sai da ya zana wani sabo a gaban shaidu. A 1947 aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya, ya rasu a ƙarshen shekarar kafin ya fara zaman.

Ki zauna da wannan labarin, domin tambayoyin fanninki a cike suke a cikinsa. Zanen da ke bango jiya shi ne a bango yau, ko ɗigo bai canza ba. Me ya sa jiya ake tsayawa a gabansa ana jinjina, yau ake wucewa? Kyan ne ya gudu, ko dama sunan ake kallo? In sunan ake kallo, to Baba ya ci rabin gari. Amma akwai ci gaban labarin. Yau in aka jera zanen van Meegeren kusa da na Vermeer na gaske, ko ɗalibi yana ganin bambanci: fuskokin sun yi nauyi, idanun sun zurma, sun fi kama da fuskokin zamanin mai jabun. Nelson Goodman, masanin falsafa ɗan Amurka, ya yi magana a kan wannan a 1968. Ya ce muddin jabun na cakuɗe da na gaske, da su ake auna kowane sabon zane, sai ido ya lalace. Da aka ware su gefe guda, ido ya koyi abin da zai nema. Makullin yana cikin gangar tun farko, sai da aka juye ta aka gani. Kuskuren masana bai nuna cewa babu abin gani ba. Ya nuna ana iya kuskure a kan kyau, kuma abin da ake iya kuskure a kansa ana iya gyarawa, ana iya koyo.

Wani abu kuma da nake so ki riƙe: kada jerin littattafan da aka ba ki ya sa ki ɗauka cewa tunani a kan kyau kayan Jamus da Ingila ne kaɗai. Ki saurari bakinmu. Muna cewa kyan alkawari cikawa, kyan tafiya dawowa. A nan kyau na nufin abu ya kai inda aka yi shi don ya kai. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, kusan haka ya faɗa a babin soyayya na littafinsa Ihya'u: kyan kowane abu shi ne ya tara kamalar da ta dace da shi, don haka abin da ke sa doki kyau daban, abin da ke sa rubutu kyau daban, kuma a rubutu ya ambaci daidaiton haruffa da tsaruwarsu. Kafin shi, Ibnul Haisam, wanda ya rubuta babban littafinsa a kan gani a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, ya lissafa kyau da muni cikin abubuwan da ido ke riska, ya yi bayanin yadda dacewar sassa da juna ke haifar da kyan da babu shi a kowane sashe shi kaɗai. Abdulƙahir Jurjani, masanin balaga, kuwa ya nuna cewa kalma ita kaɗai ba ta da fifiko a kan 'yar uwarta, ƙarfin magana yana cikin yadda aka saƙa kalmomin. A Indiya an yi ƙarnoni ana nazarin nau'o'in motsin rai guda takwas da wasan kwaikwayo ke tayarwa, daga baya aka ƙara na tara, wato natsuwa. Sannan muna da kyan ɗan maciji, wanda ke gargaɗin cewa kyan gani da kyan hali ba kullum suke tafiya tare ba, alhali kalma ɗaya muke kiransu da ita. Wannan kaɗai ya isa binciken kammalawa, in kika bi shi da natsuwa.

Yanzu ga abin da kika ce ya fi damunki, daɗin da ya ɓace. Wannan na ɗauke shi da muhimmanci fiye da maganar aiki, domin shi ne ya kawo ki fannin tun farko. Abin da ke faruwa da ke yana faruwa da duk mai koyon abu. Wanda ya fara koyon tuƙi ba ya ganin hanya, hankalinsa na kan ƙafa da hannu. Wanda ya fara koyon nahawu sai ya riƙa tuntuɓe a maganar da da yake yi ba tunani. Lokaci ne, yana wucewa, kuma in ya wuce daɗin na dawowa da zurfin da ba shi da shi a da. Sai dai akwai kuskuren da ke tsawaita shi, kuma ina zargin kin faɗa ciki: kin bar kallo kin koma karatu zalla. Sunan da Turawa ke kiran fannin nan da shi, wato aesthetics, Alexander Baumgarten, masanin falsafa ɗan Jamus, ne ya ƙirƙiro shi a 1735, daga kalmar Girkanci mai nufin abin da gaɓoɓi ke riska, gani da ji da taɓawa. Fannin da tushensa ke nan ba zai rayu a takarda kaɗai ba. Gani ya kori ji.

Don haka ga abin da nake so ki yi daga wannan makon. Ki zaɓi abu ɗaya, zane ko waƙa ko gini ko ma itacen da ke gaban tagarki, ki ba shi minti goma sha biyar kullum har kwana bakwai. Ki kashe waya. Kada ki kira sunan masani ko ɗaya a ranki, in ya zo ki ce masa ya jira a waje. Bayan kin gama ki rubuta layi biyar na abin da kika gani ko kika ji, da kalmomin da ƙaramin yaro zai gane: nan layin ya karye, nan muryar ta sauka kafin in zata, nan inuwar ta fi ta jiya tsawo. A rana ta huɗu ko ta biyar za ki fara ganin abin da bai bayyana ba a ranar farko. Sai a rana ta bakwai ki buɗe wa masanan ƙofa, ki ga wanne cikinsu ya faɗi abin da ya dace da abin da idonki ya riga ya gani. Wanda bai dace ba ki ajiye shi, ko waye shi.

Kant kuwa, wuyarsa ba alamar daƙiƙancinki ba ce. Littafin shi ne na uku a jeri, ya fitar da shi a shekarar da ya cika 66, yana ɗauka mai karatu ya riga ya sha biyun farko. Gabatarwarsa ita ce mafi tauri a cikinsa, kuma ina kyautata zaton a nan kika maƙale. Ki tsallake ta tukuna. Ki fara da maƙalar Hume, wadda za ki gama a zama ɗaya ko biyu. Sannan ki shiga Kant daga sashe na 1 zuwa na 22, inda yake warware hukuncin kyau, sashe ɗaya a rana. Duk inda ya ba da misali, fure ko fada ko launi, ki tsaya ki kama misalin da hannu biyu, ki koma baya ki karanta jimlar da ta gabace shi. Ki samu abokan karatu biyu ku riƙa haɗuwa, kowa ya faɗi da bakinsa abin da ya fahimta. Ki je wurin malaminki a lokacin ganin ɗalibai da tambaya ɗaya takamaimai, da lambar shafi. Malamai sun fi son wannan a kan "ban gane komai ba".

Saura tambayar Baba ta biyu, kuma a nan ba zan shafa miki zuma a baki ba. Kujerun koyar da falsafa a jami'a kaɗan ne a ko'ina, na wannan reshen sun fi ƙaranci, kuma hanyar tana da tsawo: digiri na biyu, na uku, sannan jira. Wanda ya shiga da tunanin kujera na jiransa zai sha wuya. Ba a cika ganin sanarwar aiki da ke neman masanin falsafar kyau da sunansa ba. Abin da ake nema shi ne wanda ya iya gani, ya iya bambancewa, ya iya rubuta dalilinsa a fili, kuma ana nemansa a gidajen adana kayan tarihi da zane, kamfanonin buga littattafai, aikin jarida da sharhi, shirya fim, tsara kaya da shafukan intanet, da koyarwa. Amma kowanne cikinsu yana son ki zo da sana'a a hannu bayan tunani a ka. Don haka tun yanzu ki haɗa karatun da abu ɗaya da ake yi da hannu: gyaran rubutu, ɗaukar hoto, tsara shafi a kwamfuta, ko wani harshe na waje. Ki nemi aikin sa kai lokacin hutu a inda ake irin wannan aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In kuma Baba na ganin tambayar mene ne fasaha hira ce ta waɗanda suka ƙoshi, akwai labarin da zai so. A 1926 wani aikin Constantin Brancusi, masassaƙi ɗan Romaniya mazaunin Faris, ya iso tashar jirgin ruwa ta Amurka. Dogon tagulla ne siriri mai sheƙi, ya kira shi tsuntsu, amma ba fiffike ba baki ba ƙafa. Doka ta yafe haraji ga ayyukan fasaha. Jami'an kwastan suka duba suka ce wannan ba tsuntsu ba ne, ƙarfe ne da aka sarrafa, suka sa masa harajin kashi 40 cikin ɗari. Magana ta je kotu, aka kira masu zane da masu sharhi suka ba da shaida, ana tambayarsu me ya sa wannan ya zama tsuntsu. A 1928 kotu ta yanke cewa aikin fasaha ne, ko da bai kwaikwayi siffar tsuntsu ba. Alƙalai da jami'an haraji sun wayi gari suna amsa tambayar da ke cikin jarrabawarki. Yau ma ga ta ta dawo da sabuwar riga, tunda kwamfuta na fitar da hoto da waƙa cikin daƙiƙa, ana ta jayayya a kan wa ya yi, wa ya mallaka, kuma ko akwai bambanci da na hannun mutum.

Shawarata ita ce kada ki canza fanni a wannan zangon. Kin kai aji uku, kuma binciken kammalawa wani ɗan gwaji ne mai arha: watanni kaɗan za ki zauna da tambaya ɗaya, ki ga ko tana ƙara jan ki ko tana gundurar ki. Ki zaɓi ƙaramar tambaya mai iyaka, irin ta jabu da na gaske, ko ta kalmar kyau da ke ɗauke da ma'ana biyu. Maganar digiri na biyu ki bar ta sai kin gama. In a ƙarshe kika ga kina tashi da tambayar a ranki tun kafin ki wanke fuska, kin samu amsa. In kika ga sauke nauyi kawai kike yi, ki juya ba tare da jin kin yi asara ba, domin idon da kika horar zai bi ki duk inda kika je.

Baba kuma kada ki koma masa da shirin cin nasara. Tsoro ne ke magana a bakinsa, tsoron kada 'yarsa ta gama karatu ta zauna hannu rabbana, kuma wannan tsoron ƙauna ce. Ki nemi lokacin da ya natsu, ki ce, "Baba, na yi tunani a kan maganarka, kuma akwai gaskiya a ciki." Ki faɗa masa sana'ar da za ki haɗa da karatun, da inda za ki nemi aikin hutu, da lokacin da kika ɗibar wa kanki kafin ki yanke shawarar digiri na biyu. Wannan zai fi kwantar masa da hankali fiye da sunan kowane masani. Sannan ki tambaye shi wane abu ne ya taɓa gani a rayuwarsa da kyansa ya tsayar da shi cak. Kowa yana da irin wannan, ko gini ne, ko murya, ko rubutun hannun wani, ko sararin sama bayan ruwa ya ɗauke. Ki bar shi ya ba ki labari har ya gama, kada ki katse shi. In ya gama ki ce, "Baba, mene ne a jikinsa ya sa ya yi kyau haka? Nuna mini."

Ki rubuto mini abin da ya ce. Allah ya yi miki jagora, ya sa albarka a karatun.